Tunkuyin Rago

Tayyiba na jiran keke napep a Ƙofar Doka, hannunta a kan tsohon cikinta, sai wata tsohuwa da ba ta sani ba ta tsaya gefenta.

"'Yar nan, me ya bugi cikin?"

"Ragonmu ne ya tunkuye ni jiya, Iya. Ko ƙara ban yi ba, ni ba mai raki ba ce."

"Yana motsi?"

"Barci yake tun jiya. Ai ban ga jini ba."

"Ba jini kaɗai ake jira ba. In motsi ya tsaya, asibiti ake tafiya yanzu."

"Ni kasuwa za ni."

"Ni ma kasuwar na tafi shekarun baya," in ji tsohuwar, tana shafa nata cikin. "Nawa har yau bai farka ba."