Tsagewar da Na Rufe da Fenti

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Fasto, dattawa, iyayenmu mata na zumunta, matasa, salamar Ubangiji ta zauna tare da ku duka.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Ishaku mai takisi, mijin Rifkatu. Ga ta can a benci na biyu, sandunanta jingine a gefe. Yawancinku kun san bango ya faɗo mata a daminar bara. Kun zo asibiti, kun kawo abinci, kun ce mana ruwa ne, sai haƙuri. Ni kuwa na sunkuyar da kai na bar ku a haka. Yau na tashi in gaya muku ba ruwa ba ne kaɗai. Saura ƙiris in kashe matata da hannuna, Ubangiji ne ya hana.

Shekara goma sha ɗaya muna haya a garin Yamai. Ɗaki ɗaya a unguwar Mawre, makewayi ɗaya da mutanen ɗaki bakwai, Rifkatu tana ɗinki a bakin ƙofa kowa yana tsallake mata yadi. Ranar da Allah ya ba mu namu a unguwar Gamkalle, tsohon ginin laka mai ɗaki biyu da ƴar tsakar gida, ta durƙusa a ƙasa ta yi ta kuka tana godiya. Ita gidan ya ishe ta. Ni ne bai ishe ni ba.

Ku da kuka zauna da ni kun san halina, ba a gaya mini. Ko fasinja ya ce in bi ta nan ta fi kusa, sai in bi ta can, don kawai shi ya fara faɗa. Kullum ina sauke mutane a unguwar Filato, ina ganin gidaje fes da fenti, in dawo in tarar da jar laka, sai raina ya ɓaci. Na ce ba za a ce Ishaku ya bar haya ya koma ginin ƙauye ba. Kuma na rantse ba zan kira magini ba. Me magini ya sani da ban gani da idona ba?

Da safe ina tuƙi, da la'asar ina kwaɓa siminti. Na shafe bangon ciki da waje, kai tsaye a kan laka. Na daɓe tsakar gida. Akwai wuriya, ramin nan da ruwan tsakar gida ke fita waje, a kusurwar da katanga ta haɗu da bangon ɗakin gabas. Na ce ta nan ɓeraye ke shigowa, kuma ba ta da kyan gani, sai na toshe ta. Na sa ɗan bututu a wancan gefen, ko awon gangara ban yi ba.

Maƙwabcinmu Baba Hamani tsohon magini ne, Bazabarme, Musulmi, rabin gidajen layinmu shi ya gina su. Wata la'asar ya shigo da sallama, ya tsaya yana kallon aikina har na tsargu. Sai ya ce mini laka numfashi take yi, tana shan laima da damina tana fitarwa da rani. Ya ce a nan kusa da kogi ƙasa jiƙe take, in na rufe bango da siminti gaba da baya, laimar da ke hawowa daga gindi ba ta da mafita, sai bango ya ruɓe a ciki alhali waje yana ƙyalli. Ya ƙwanƙwasa mini bango da ƴan yatsunsa, ya ce ranar da na ji yana amsawa kamar ƙwarya wofi, in fitar da iyalina. Sannan ya nuna kusurwar da na toshe.

Ya ce, "Ɗana, wanda ya huda wurin nan ba mahaukaci ba ne. Ruwa ya san hanyarsa."

Na ce masa na gode, irin godiyar da ake korar mutum da ita. Da ya fita na gaya wa Rifkatu aiki yake nema. Na ƙara da abin da ya fi wannan muni, na ce baƙin ciki yake kada gidan Kirista ya fi nasa kyau a layin. Allah ya gafarta mini wannan magana.

Rifkatu ta ce, "Baban Alheri, tsohon nan ya girme ka a laka." Na daka mata tsawa, na ce ta tsaya a kan almakashinta. Ta koma kan ɗinkinta. Dama shiru ta koya a gidana, don a shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa jin na ce na yi kuskure ba. Girman kai rawanin tsiya, ni kuwa na naɗa shi har ya rufe mini kunne.

Ruwan farko ya sauka, ya bi tsohuwar hanyarsa, ya taru a kusurwar nan har idon sawu. Bututuna yana can a bushe. Na riƙa kwashewa da bokiti kafin maƙwabta su gani.

Wata safiya a cikin Yuli na shiga ɗakin gabas, na ga tsagewa daga gindin bango har bakin taga, yatsa yana shiga. Na ƙwanƙwasa yadda tsoho ya nuna mini, bango ya amsa. Wani ɓallin siminti ya faɗo, na cusa hannu a ramin, na damƙo laka jiƙe sharkaf kamar tuwon da bai nuna ba. Na sani. Kada wani ya tausaya mini ya ce ban sani ba.

Amma ranar Lahadin makon ce addu'ar shiga gida, kuma na riga na gayyace ku duka. In fito in ce bango ya tsage? In je in ƙwanƙwasa wa Baba Hamani ƙofa? Ina! Na jira Rifkatu ta tafi kasuwa, na cike tsagewar da siminti, washegari na shafa shuɗin fenti.

Kun zo. Kun ci shinkafa, kun yaba, wasunku suka ce ai Ishaku ya bar tuƙi ya kama gini. Fasto, kana addu'a ka dafa bangon nan da hannunka, daidai wurin. Kowa ya rufe ido, ni nawa a buɗe yake ina kallon hannunka. Da kuka watse ba abin da ya faɗi, sai na ce ashe tsoho tsoratarwa yake. Na ce bayan damina zan gyara.

Sannan na yi abin da har yau yake hana ni ci. Na ce ba na son guntayen yadi a salo, wato falo, baƙi suna zuwa. Na ɗauki keken ɗinkin Rifkatu da kaina na kai shi ɗakin gabas, ƙarƙashin taga. Na ce mata nan ya fi haske. Har godiya ta yi mini.

Ranar Talata ce a cikin Agusta, bayan azahar. Ƴarmu Alheri tana hutu wurin kakarta a Dogon Dutsi, wannan ma alherin Allah ne. Ina kusa da kasuwa na faka mota ina jiran ruwa ya tsagaita, sai waya ta yi ƙara. Muryar Baba Hamani ce. Ya ce in zo, bango ya tafi, Rifkatu tana ciki. Motar ta mutu a cikin ruwa kafin layinmu, na bar ta a buɗe na ƙarasa da gudu.

Ɗakin gabas babu shi. Tulin laka ne da kwanon rufi a murɗe, ga faffaɗan ɓallayen simintina kwance a kai, shuɗin fentin ko ƙwarzane bai yi ba. Mazan layin duk sun fito da felu da diga, mata suna kwashe laka da kwanoni. Suka tambaye ni ta ina za ta kasance. Na ce gefen gado, don takan kwanta in ana ruwa. Muka haƙa kusan awa guda. Muka tarar da gado a karye, ba kowa a kai.

Baba Hamani ya ce a ajiye diga, kada a sare ta ba a sani ba, kowa ya yi shiru. Ya kira sunanta sau uku. Ba amsa, sai ɗigar ruwa a kan kwano. Na ji wani yana salati a hankali. Sai na ga wata tsohuwa ta shigo da zane a ninke a hannunta, ta tsaya a gefe tana jira. Na gane na rufe gawa ne.

Na durƙusa a cikin taɓo. Ni da nake jan addu'a a nan da kalmomi masu daɗi, ranar ko ɗaya ba ta zo mini ba. Abin da ya fito, da ƙarfi ya fito, a gaban dukan layi.

Na ce, "Yesu, ni ne. Na ga tsagewar, na taɓa lakar da hannuna, na rufe da fenti. An gaya mini na ƙi ji. Ni na kai kekenta wurin. Ni ne mai laifi, kada ka bar ta ta mutu a madadina."

Ban san sau nawa na maimaita ba. Sai Baba Hamani ya ɗaga hannu. Can ƙasa, daga kusurwar taga, nesa da inda muke haƙa, ƙarfe yana bugun ƙarfe. Ƙwas, ƙwas, a hankali.

Da hannu muka tona, har farcena biyu suka cire ban ji ba. Ƙafafun ƙarfen keken ɗinki ne suka tare azarar rufi, suka bar ɗan wuri, kanta da ƙirjinta suna ciki. Almakashi yana hannunta, da shi take bugawa. Tana numfashi. Ƴan'uwa, tana numfashi! Yabo ga Ubangiji!

Amma ba zan yi muku ado ba. Ƙafarta ta dama tana ƙarƙashin bango. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, a ƙarshe suka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Ƙafar da take taka keke da ita ce. Ba ta dawo ba, kuma ba za ta dawo ba.

Mutanen layinmu, har da tsohon da na zarga da baƙin ciki, sun ji duk abin da na faɗa, ko ɗaya bai kai shi waje ba. Suka rufa mini asiri. Ku kuma kuka zo kuka ce ruwa ne, na gyaɗa kai. Kwana huɗu ina kai mata abinci ban iya kallon fuskarta ba. Rana ta biyar na zauna a bakin gadonta, na ce ina da magana. Ta ce ba sai na faɗa ba.

Ta ce, "Na ji ka, Baban Alheri. Duka na ji, ina ƙasa. Lokacin da Baba yake kirana na riga na saki, barci ke jana, na ce bari in tafi in huta. Sai na ji muryarka tana cewa ni ne mai laifi. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa jin wannan a bakinka ba. Na ce a'a, sai na fito na ga mutumin nan da idona. Shi ne na lalubi almakashi."

Na yi kuka kamar yaro. Na tambaye ta ko za ta iya yafe mini. Ta ce ta yafe, amma in sani kowace safiya in ta sauko daga gado ta nemi taka ƙasa, sai ta sake yafewa daga farko. Ta ce kuma ikilisiyar da ta yaba fentin ta cancanci ta san abin da ke bayansa. Shekara guda na yi ina jan ƙafa. Ba ta matsa mini ba, ba ta kuma janye maganar ba.

Mun sake gina ɗakin da rani. Baba Hamani ne magini, ni ne mai kwaɓa laka, in ya ce ƙara ciyawa in ƙara, in ya ce rushe in rushe. Wuriya tana nan a buɗe. Rifkatu tana ɗinki da keken hannu yanzu, a salo, guntayen yadi ko'ina.

Ina gode wa Yesu da ya fitar da matata daga ƙarƙashin laka da rai, ya kuma fitar da ni daga taurin kan da ya binne ta. Ɗan'uwa, in akwai tsagewar da ka rufe, a bangonka ko a gidanka, kada ka jira ranar da za a shigo da zane. Ka faɗa wa Ubangiji yau, ka dogara gare shi, yana ji. Ni na faɗi tawa a makare, ya ji ni duk da haka, amma kowace safiya ni nake miƙa wa Rifkatu sandunanta.

Ubangiji ya kiyaye gidajenku, cikin sunan Yesu. Amin.