Ƙwaurin Ɗan Dako

A bencin ɗakin hoton ƙashi a Agege, Jumare ɗan dako yana murza ƙwaurinsa. Wata dattijuwa ta dube shi.

"Ɗana, me hoton ya nuna?"

"Wai lafiya lau, Inna. Amma da na saɓi buhun albasa, sai in ji kamar zai karye."

"Haka hoton wani yaron layinmu ya nuna. Likita ya ce ƙaramar tsagewa ba ta fitowa da wuri, ya huta ya dawo. Bai huta ba."

"Yanzu yana ina?"

"Yana ɗakina. Ni na haife shi, ni nake kai shi banɗaki."

Jumare ya sake murza ƙwaurinsa.

"Inna, gobe motar albasarmu take isowa."