Kwanon Inna Furera

Bismillahir Rahmanir Rahim. Shugaban wannan taro, Alhaji Sammani; mai unguwarmu ta Ƙofar Kwaya; limamai da malamai; iyayena mata; 'yan uwana ma'aikata; jama'ar unguwa, haifaffun birni da waɗanda neman abinci ya kawo, assalamu alaikum warahmatullah.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya, ina godiya gare ku da kuka bar kasuwa da ofis kuka zo. Ni ce Hauwa'u Yari, ma'aikaciyar jinya, wadda da yawa cikin iyayen nan suka goya. An tara mu kan takardar roƙon gwamnati ta gina mana gidan tsofaffi irin na Ingila, tunda arzikin man fetur ya samu. An ce in yi magana don na yi shekara huɗu a can. Suna na farko a takardar shi ne na Inna Furera mai daddawa, ga ta can zaune, kuma da hannuna na rubuta shi. A kan wannan suna na tsaya gabanku.

Na farko, abin da na gani. Ban zo zagin Turawa ba, su suka koya mani aikin da nake ci da shi. A gidan da na kama haya akwai wata tsohuwar Baturiya, ita kaɗai a ɗaki, ɗanta sai kati yake aiko mata in Kirsimeti ta zo. Ni kuwa Bakatsiniya, ran da na fara tuƙa tuwo sai na zuba a kwano na kai mata, yadda ake ciyayya tsakanin maƙwabta. Baiwar Allah ta tsorata, ta ɗauka wani abu nake nema. Da na yi mata bayani cewa a wurinmu kwano ba ya komawa wayam, sai ta riƙa dawo da shi da biskit. Wata rana kwano bai dawo ba, washegari ma shiru. Mai gidan ya ce in kama kaina, a ƙasarsu ba a buga wa mutum ƙofa ba gayyata. Na ce a ƙasarmu in kwano ya kwana, lafiya ake tambaya. Na dage har aka ɓalle ƙofar. Muka same ta a ƙasa, kwana biyu da faɗuwa, da sauran numfashi.

Da ta farfaɗo ta gaya mani su ma haka suke a da, lokacin yaƙinsu, maƙwabci ya san tukunyar maƙwabci, sai wadata ta zo kowa ya ja ƙofarsa. Ta riƙe hannuna ta ce, "A ƙasarku kowa haka yake yi?" Na ɗaga kai na ce, "Kowa da kowa."

Na biyu, abin da kuka gani da idonku. Lokacin rikici, da Maman Uche mai shagon zare ta gudu Gabas, kwanonta yana hannun Inna Furera. Shekara huɗu yana kife a kan randa, ba ta sayar ba, ba ta ci a ciki ba. Ran da aka ce matar ta dawo, kafin ta kwance kaya, Inna ta cika shi da dambu ta kai mata da kanta. Yau rediyo kullum yana tambayar abin da zai haɗa Nijeriya, wasu su ce titi, wasu su ce man fetur. Titi yana da kyau, man fetur ni'ima ce. Amma ni na ga Nijeriya ta haɗu a ƙofar shagon zare, mata biyu suna kuka a kan dambu.

Na uku, shi ne mai nauyi a bakina. Na dawo gida, aka ƙara mana albashi, na gina gidan bulo da ƙyauren ƙarfe can bayan Ƙofar Ƙaura, na sayi firji. Tun ran da firjin nan ya shigo, tuwo ya daina fita daga gidana. Ba ni kaɗai ba, kada ku sunkuyar da kai, na san masu irinsa. Watan jiya zazzaɓi ya kayar da Inna, ita da ba ta da ɗa ba ta da jika a garin nan, ta kwana uku ba wanda ya leƙa, sai Audu lebura da ke haya kusa da ita ya goyo ta zuwa asibiti. Kunya ta kama ni, kuma maimakon in ɗauki kwano, sai na ɗauki alƙalami.

Na je na karanta mata takardar, na ce za ta samu gado da fanka da abinci sau uku. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ɗiyata, to can ɗin in na yi dambu, wa zan kai mawa?"

Jama'a, na naɗe takardata na koma gida. A ranar na tuna kwanon da ta aiko mani tun bara yana nan a kicin ɗina, ba ta taɓa cigiyarsa ba, ni kuma ban taɓa tambayar lafiyarta ba. Na yi wa Baturiyar nan alfahari da ku, sai ga shi ni ce na fara ƙaryata kaina.

Saboda haka, ya shugaba, mu roƙi gwamnati famfo, mu roƙe ta magani, mu roƙe ta makaranta. Amma ina roƙon alfarma a cire sunan Inna Furera, domin tana da unguwa. Ga kwanon nan a cikin ɗaurin da kuka ga na shigo da shi, tuwon dawa ne da miyar kuka, har yanzu da ɗuminsa. Inna, ki yafe mani, ki karɓa, kuma kada ki dawo da shi wayam.

Allah ya ba tsofaffinmu lafiya, ya sa su cika a hannunmu. Allah ya sa wadatar nan ta zo mana da albarka, ya zaunar da Katsina da Nijeriya lafiya, ya mai da kowa gida cikin aminci.

Na gode.