Kara Uku na Malam Sahabi

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai, wanda ya ba mu aro kuma ya karɓi abinsa a lokacin da ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam.

Mai girma wakilin Parefe, shugaban hukumar Tanut, wakilin mai martaba sarki, masu gari da shugabannin makiyaya, malam liman da malamanmu, shugaban sashen koyon shari'a na jami'armu, abokan aiki da ɗalibai. Hajiya Lantana, mai ɗakin marigayi, Firdausi da ƙannenki, dangi na Ollelewa da waɗanda suka taso daga Belbeji da Damagaram. Assalamu alaikum. Ya muka ji da haƙuri?

Sunana Habibu Gajere. Dokokin kasuwanci nake koyarwa, kuma biro ɗaya, wato ofis ɗaya, muka zauna da Malam Sahabi Mailafiya tun kawunanmu suna baƙi. Shugabanmu ya ce in zo in gaya wa mutanen Damargu abin da makarantar ɗansu ta samu a bana, kuma ya ja mini kunne in yi magana a natse. Ya san wanda ya aiko. Tun da na zauna a rumfar nan idona yana kan hanyar arewa, hanyar Tenhiya, kuma ba zan sauka ba sai na gaya muku dalili.

Malam Sahabi ya kasance ɗan manomi, kuma karatu bai raba shi da wannan ba. In damina ta faɗi, tambayarsa ta farko ga duk ɗalibin da ya dawo daga gida ita ce ko an yi shuka, sai daga baya ya tambayi aikin da ya ba shi.

Ya kasance mai jinkirin magana, jinkirin da ya sha ƙona mini rai. Ni in aka yi tambaya na amsa kafin mai tambaya ya rufe baki. Shi sai ya cire madubin idonsa, ya goge da bakin riga, ya mayar, ya ce a dakata. Ɗalibai suna kiransa Mushe Dakata, wato Malam Dakata da Faransanci, a bayan idonsa, suna zaton bai sani ba. Ya sani. Wata rana ya rubuta sunan da kansa a kan allo, ya ce in za su yi masa suna su riƙa rubuta shi daidai.

Ya kasance mai cewa dokar da mutum bai ji ta da harshensa ba tarko ce. Mu muna koyar da shari'a da Faransanci, muna ɗora kalma kan kalma, shi kuma kowane darasi sai ya tsaya ya ce: to, in kakarka ta tambaye ka, me za ka ce mata? Wannan ne ya sa ya fara kwaso ɗalibai a lokacin hutu yana kawo su ƙauyukan Damargu, su zauna da mutane a tabarma su ji damuwarsu.

Bari in ba ku labarin fitarsu ta farko, don duk maganata a kanta take.

Wani mai gari na yankin Ollelewa ya aika wa shugaban ɗalibai saƙo a waya. Ya rubuta cewa su zo da wuri, akwai kara da yawa a garinsu. Kun san wayoyinmu, ba su da ƙa mai ƙugiya. Yara suka karanta ƙara. Murna ta kama su, suka ce ga shari'u sun samu tun ba su gama makaranta ba. Suka aro baƙaƙen riguna irin na lauyoyi, suka cika jaka da littattafan doka, har da mai goge takalmi. Malam ya ga saƙon, ya gane, ya bar su suka yi ta shirinsu. Da suka isa, sai ga gari ya fito gayya. Karan gero ake kwasowa daga gonaki za a yi wa 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, rumfar aji. Malam ya tuɓe babbar riga, ya ɗauki dami na farko, ya ce lauyoyi su biyo shi.

Wuni suka yi suna ɗauka, ƙaiƙayi yana cinsu, ƙarangiya ta mamaye baƙaƙen riguna. Amma a hanyar nan, tsakanin gona da gari, suka ji abin da ba za su taɓa ji a zaune ba. Wannan ya ba su labarin iyakar gonarsa, wancan ya faɗi yadda aron gona ya zama gado a hannun wanda aka ara wa, wata tsohuwa ta yi zancen rijiya. Da yamma ya tara su ya ce:

"Rikicin Damargu na kara uku ne. Akwai kara na gona, wanda manomi da makiyayi suke so. Akwai kara ta zuciya, wadda mutum yake yi wa ɗan uwansa ya bar masa abin da yake da ikon riƙewa. In ta biyu ta ɓace, sai a tafi ta uku, a kai ƙara. Ku an koya muku ta uku. Na kawo ku ku koyi biyun farko."

Daga ranar nan babu ɗalibin da ya bi ta hannunsa bai haddace wannan ba. Yakan tuna musu cewa a da manomi yana barin kara a gona, shanu su ci su bar masa taki, kowa ya tashi da riba. Yanzu kara ya zama kaya, ana tarawa ana ajiyewa, ƙasa ta yi kaɗan, mutane sun yi yawa. Bai taɓa ɗora wa ɓangare ɗaya laifi ba, kuma wannan ya sa wasu a nan suka yi fushi da shi, su ma sun san kansu.

Yanzu ga labarin da aka aiko ni da shi. Hajiya, ki saurara, don naki ne.

A gasar da ake yi tsakanin ɗaliban shari'a a Yamai, inda ake kafa kotun gwaji yara su kare magana gaban alƙalai na gaske, ɗalibanmu ne suka zo na ɗaya a bana. Ba mu taɓa wuce zagaye na biyu ba. Wadda ta ja su ita ce Fa'iza, 'yar Belbeji, ga ta can cikin mata ta sunkuyar da kai. Batun da ya faɗo mata na burtali ne, hanyar shanu, kuma an ce alƙalan sun ajiye alƙalumansu suna kallonta. Bayan haka ta ci jarrabawar shiga horon alƙalai. Shirin da ɗalibansa suke yi a rediyo, suna bayanin dokar kiwo da Hausa, an fara juya shi da Fulatanci da Buzanci. Kuma fitar ƙauye, wadda muka daɗe muna kira yawon Sahabi, majalisar malamai ta mayar da ita darasi, duk ɗalibi sai ya yi ta kafin ya samu digiri.

Ko ɗaya bai ji ba. Duk sun zo ne bayan mun rufe shi. Ranar da sakamakon gasa ya iso na juya kujera in gaya masa, sai na ga teburinsa ba kowa. Wallahi na ji zafin wannan fiye da ranar jana'iza.

Hajiya Lantana, mun ci miki lokacinsa. Hutun da ya kamata ya yi a gida, yana gindin wata bishiya yana raba gardama. Ke kika riƙa dama furar da ɗalibai suke tafiya da ita, ke kika riƙa cire ƙaya daga rigunansa. Kofin da yaran nan suka ɗauko, rabinsa naki ne, kuma ba don daɗin baki na faɗa ba. Firdausi, ke ce babba. Ubanku bai bar muku gidan sama ba, amma babu ƙauyen da za ku sauka daga nan har Tenhiya a bar ku ku kwana da yunwa. Ƙofar kowane malami a sashenmu ƙofarku ce.

To, ga abin da ya hana ni zama. Na san ba a tona irin wannan a wurin gaisuwa, malamai ku yafe mini, amma lokaci ba ya jira.

Akwai magana ɗaya da Malam ya bari a buɗe. Bara wani manomi, Malam Attahir, ya ci gefen burtali ya haɗa da gonarsa. Shanun Malam Buba suka zo saukowa, hanya ta yi musu ƙunci, suka faɗa gonar suka ci wake da tarin kara. Ɗan Attahir ya sari saniya, ɗan Buba ya fasa masa kai da sanda. Kowa yana da gaskiya, kowa yana da laifi. Malam ya yi ta kai da kawowa tsakaninsu har ya karɓi alkawari biyu. Attahir ba zai kai ƙara wurin jandarma ba, Buba kuma zai riƙe shanunsa a arewa, har su zauna su uku a gyara burtalin kafin a saki gonaki dabbobi su shiga kiwo. Ranar zaman ba ta zo ba Allah ya yi ikonsa.

Yanzu ciyawar arewa ta ƙare. Kowa ya ji ana zancen ranar sakin gonaki, garkuna sun fara motsi. Buba ba zai iya riƙe dabba da yunwa ba, ko ya so. Burtalin kuwa yana nan a toshe. An gaya mini Attahir ya ce alkawarinsa ya bi mai shi kabari. An gaya mini Buba ya ce da Malam ya yi magana, ba da makaranta ba. Samarin gidajen biyu kuwa ba su manta da bara ba. In shanun nan suka sauko a haka, ba ƙara za a kai ba, gawa za a ɗauka. Kun fi ni sanin wannan.

Kafin rasuwar Malam na je duba shi a asibiti, jikin ya yi nauyi, magana da ƙyar. Na fara ba shi labarin makaranta, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya tambaya ko an saki gonaki, na ce tukuna. Sai ya ce:

"Ka kai musu Fa'iza. Ta san burtalin, da ƙafarta ta taka shi. Kai kuma, Habibu, ka zauna a baya ka yi shiru. Bakinka ya fi hankalinka sauri."

Wannan ce maganarsa ta ƙarshe da ni. Ko a gadon mutuwa bai bar ni na huta ba.

Na ji masu cewa yarinya ce, ta yaya za ta zauna tsakanin dattawa. Ba hukunci za ta yanke ba, mai gari ne zai yanke, kamar yadda aka saba. Ita za ta nuna inda burtali ya taso da inda ya bi, ta faɗi abin da doka ta ce da Hausar da kowa zai ji. Mutumin da kuka yarda da shi ne ya zaɓe ta. In kun ƙi ta, shi kuka ƙi.

Malam Attahir, na gan ka, kana gefen malam liman. Malam Buba, kai ma na gan ka a bakin rumfa, kuma ka san ni jinin Barebari ne, ina da ikon gaya wa Bafillace magana ko a gaban sarki. Da safe na tambayi masu hidima wa ya yi mana wannan rumfa, aka ce karan gonar Attahir ne, shi ya kawo shi a amalanke ba wanda ya roƙe shi. Na tambayi wa ya kawo nonon da aka dama furar sadaka, aka ce Buba ne, daga shanun nan da ake rigima a kansu. Attahir ya sha furar. Buba yana zaune a inuwar karan. Ni dai ban san me ya rage ba.

Ga roƙonmu, mu da ya koyar da mu da ya zauna da mu. Attahir, kada ka kai ƙara. Buba, kada ka shiga kara. Ku yi wa Malam Sahabi kara. Yana da rai kun yi masa, kuma yanzu ya fi buƙatarta, don ba ya iya zuwa ya tuna muku.

Ban ce ku amsa mini a gaban jama'a ba. Gobe bayan sallar asuba motar makaranta za ta tashi daga ƙofar gidan nan. Hajiya ta ba mu tabarmarsa, tana cikin motar. Za mu shimfiɗa ta a bakin burtalin, Fa'iza za ta zauna a gefe, ni ina baya da bakina a rufe kamar yadda aka umarce ni. Za mu jira ku.

Muna godiya ga hukuma da sarakuna, da malaman da suka yi sauka, da matan da suka tsaya a kan tukwane, da duk wanda ya baro gonarsa ko garkensa ya zo. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Ya Allah, bawanka Sahabi ɗan Mailafiya ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa kowane faɗan da ya kashe ya zama masa inuwa ranar da babu inuwa sai taka. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka raya abin da ya bari, ka sa wa ɗalibansa albarka. Ka sanyaya zukatan bayinka biyu da ke zaune a rumfar nan. Ka sauko da shanun arewa lafiya, su tarar da hanya a buɗe.

Amin. A yi masa Fatiha.