Hular da Baraka Ta Ƙi Karɓa

HABIBU: Salamu alaikum, Malam Dabo.

DABO: Wa alaikumus salam. A'a, Habibu! Ina wuni?

HABIBU: Lafiya lau. Ya kasuwa? Ya ɗinki?

DABO: Mun gode Allah. Ya Ƙofar 'Yandaka? Ya jikin Inna?

HABIBU: Da sauƙi ƙwarai, har ta fara fita tsakar gida. Ya su Hajiya?

DABO: Lafiyarsu lau. Ya zafi?

HABIBU: Zafi kam sai haƙuri. Kana ji na? Alo?

DABO: Ina jin ka, ka daina ihu. Sabis ne ba kyau a cikin rumfa, bari in fito. To, faɗi.

HABIBU: Mutumina, ka haɗa ni da masifa. Yarinyar nan mai saida huluna a Fesbuk, wadda ka turo mani shafinta.

DABO: Baraka? Me ta yi?

HABIBU: Na ga wata hula mai ruwan toka, na tura mata kuɗi, mai Napep ya kawo. Ina sa ta, ta tsaya mani a tsakiyar kai kamar murfin kwano. Yaran shago har da riƙe ciki don dariya.

DABO: Ai kai ma ka san kanka ba na kowa ba ne. To sai me? Ka maida mata mana.

HABIBU: Abin da na kira ka a kai ke nan. Ta ƙi!

DABO: Ƙarya kake. Baraka ba ta ƙin karɓar kaya. Ni sau nawa ina maida mata? Kafin mai Napep ya isa unguwarsu, Ƙofar Durbi, na ji alat ɗin kuɗina ya shigo. Ko musu ba ta taɓa yi da ni ba.

HABIBU: To ni dai ta ce ba ta maida kuɗi. Wai sai dai canji.

DABO: Halan ka kai ta wanki ne? In aka sa mata sitaci ai ta zama taka.

HABIBU: Wallahi ko ledarta ban yar ba. Na ce in aiko mai Napep ya amso wata, ta ce a'a, in zo da kaina.

DABO: Ka zo ina?

HABIBU: Gidansu.

DABO: Gidan wa?

HABIBU: Gidansu mana, nan Ƙofar Durbi. Wai ran Juma'a bayan la'asar, ta gwada kaina da tef, kar a sake samun matsala. Ka ji rainin hankali! Ni da aikina, in bar shago saboda hula?

DABO: Tsaya. Ita da bakinta ta ce ka zo gida?

HABIBU: Har kwatance ta yi mani. Gida mai koren ƙyaure, kusa da mai niƙa. Alo? Dabo? Layin ya yanke ne?

DABO: Ina nan.

HABIBU: To, ka dai ji abin da ta ce.

DABO: Ni tun kafin azumi nake sayen hula wurinta, ko launin ƙyauren ban sani ba. Kullum sai ta ce in ba mai Napep.

HABIBU: Ai kai ta ɗauke ka da mutunci, shi ya sa ba ta wahalar da kai. Ni ne ta raina. Har wai in na zo in fara shiga zaure in gaida Baba. Me ya haɗa Baba da hulata?

DABO: Innalillahi! Ta ce ka gaida Baba?

HABIBU: Ƙwarai kau. Kuma sai tambayoyi: wane aiki nake, ɗan wane gida ne ni, hoton da ke kan lambata ni ne ko yayana. Sai ka ce katin ɗan ƙasa za ta yi mani.

DABO: Habibu, kai wane irin mutum ne? Wallahi wani lokacin sai in rasa ko wauta ce ko iskanci.

HABIBU: Ah, me na yi kuma?

DABO: Ba komai. Ka ga, kar ka wahalar da kanka. Kawo mani hular kasuwa, in ba ka kuɗinka cif, ni in je in canzo.

HABIBU: Ai na gaya mata haka. Na ce abokina Dabo ya saba da ke, bari in ba shi.

DABO: Sai ta ce me?

HABIBU: Ta yi dariya, ta ce, "Wayyo, Malam Dabo mai maido kaya?" Wai kai duk hular da ka saya sai ka ce ta matse ka, ko zaren ya yi duhu. Ta ce da ta ga saƙonka take ware kuɗinka gefe, don ta san hular za ta dawo.

DABO: Haka ta ce?

HABIBU: Ta ce kana da kirki dai, ba ka da faɗa.

DABO: Ba ni da faɗa! Kai kana tsammani hulunan matse ni suke? Ni tela ne, ban san awon kaina ba? Dalilin magana nake nema da ita, Habibu! In saya mu yi magana, in maida mu yi magana. Ni na zaci saurin da take ta biya ni, kulawa ce. Ashe sallamata take!

HABIBU: Au! Dabo, son ta kake?

DABO: A'a, hula nake so! Ni na gano shafin, ni nake danna mata alamar so a kowane hoto, ni na tallata ta a layinmu kaf. Kai daga hula ɗaya, da wannan ƙaton kan naka, har an ce ka gaida Baba. Wallahi abin ya ci mani rai, ba zan ɓoye maka ba.

HABIBU: To ai ni ban sani ba... Tsaya. Kana nufin zancen gaida Baban nan...

DABO: Ban nufin komai. Ka ce ta turo maka kuɗinka, in ta ƙi ka bar mata. Masu saida kaya a waya ba abin yarda ba ne.

HABIBU: Yanzu fa ka gama cewa ba ta da musu.

DABO: Na canza magana!

HABIBU: Ikon Allah. Ka san kuma muryarta da daɗi, sai yanzu na lura. Juma'a bayan la'asar... Farar shaddata na wurinka, za ka gama ta kafin nan?

DABO: Ba wuta.

HABIBU: Ai keken ɗinkinka na ƙafa ne. Dabo, tsakani da Allah, ban taɓa zuwa irin wannan wuri ba. Ba ni da aboki kamarka. Za ka raka ni?

DABO: Katina ya ƙare.

HABIBU: Wane kati? Ai ni na kira ka. Dabo? Alo? Dabo!