Wutsiyar Maciji a Cikin Goge

Ina zaune da saƙata a bikin makaɗan tsaunukan Virginia, na jiyo wata tsohuwa da wani magidanci a layin gasar goge.

"Iya, wani abu na kacau-kacau a cikin gogenki. Ko ya tsage ne? Ungo nawa."

"Busasshiyar wutsiyar macijin nan mai kacau-kacau da wutsiya ce, ɗan nan. Maigidana, marigayi Delmer, ya saka ta don zaƙin sauti."

"Alƙalai fa za su rage miki maki."

"Su rage mana. Shekara arba'in ina riƙe masa hula a gindin dandamalin nan yana kiɗa. Yau ni zan hau."

"Kin ma iya kuwa?"

"Wa kake tsammani ya koya masa? Matsa, ni ake kira."