Ranar da Muka Fitar da Gadajen Ɗakin Ƙyanda

Shugaban wannan taro, babban likitanmu, shugabar ma'aikatan jinya, malamai da shugabannin unguwanni, direbobinmu da masu shara da masu gadi, iyayena maza da kuka rufe shaguna kuka zo, iyayena mata da nake hangowa kuna jijjiga goyo, da ku jariran da kuka hana kowa jin jawabin kowa: assalamu alaikum, sannunku da zuwa. Ku yi ta kukanku, 'ya'yana. Wannan kukan masu lafiya ne, mu mun san bambancinsa.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan rana da ranmu. Ina kuma gode wa shugabannin asibiti da suka ce tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a ɗakin ƙyanda, ita za ta yi magana ranar rufe shi.

Shekara ashirin da shida na yi a ɗakin nan na ƙarshen baranda. Gado takwas ne a ciki, da labule mai kauri, domin haske na damun idon yaran. Akwai shekarun da gado takwas bai isa ba, sai mun shimfiɗa tabarmi har bakin ƙofa. To jama'a, yau shekara uku cur ba mu kwantar da yaro ko ɗaya a ciki ba! Da safen nan aka fitar da gadajen, an cire labulen, an buɗe tagogi. Daga yau ɗakin awo ne da rigakafi.

Abu uku zan faɗa, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, daga gidanmu zan ɗauko su.

Na farko, maganar ko allurar rigakafi tana cutarwa. Ina da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, mai walda ne, yawancinku ƙofofinsa ne a gidajenku. Ya ba ni izinin in tona shi yau. Ɗansa na fari ya karɓi allurarsa duka, amma bayan ta wata tara sai zazzaɓi ya kama shi. Sai ga yayana a asibiti, tabarau na walda a goshi, yana huci.

Ya ce, "Ke! Yaro lafiyayye na ba ku, kun soka masa ciwo!"

Na ce, "Yaya, jikinsa ne yake koyon faɗa. Kwana biyu zai wuce."

Kwana biyu ya wuce kuwa, yaro ya tashi yana ɓarna. Zazzaɓi ya sauka, amma fushin yayana bai sauka ba. Da aka haifa masa 'ya mace, ya ce ba mai taɓa ta. Na je har gida da katin rigakafi a hannu, ya dube ni ya ce, "A asibiti ke ce babba. A gidan nan ni ne yayanki." Na ji nauyinsa, na yi shiru na fito. Wannan shirun, har in koma ga Allah ba zan daina nadamarsa ba.

Tana shekara biyu aka kawo min ita, jiki kamar garwashi, idanu a liƙe, numfashi da ƙyar. A gado na uku na kwantar da ita. Kwana goma sha ɗaya muna fama. Allah ya bar mana ita, amma hakiya ta rufe idonta na hagu, har yau ba ta gani da shi. Saboda haka, iyaye, ba zan ce muku allura ba ta sa zazzaɓi ba. Tana sawa, cinya ma takan ɗan kumbura, kuma idan abin ya tayar muku da hankali ƙofarmu a buɗe take. Amma ku ɗora kwana biyu a hannun dama, ku ɗora ido guda a hannun hagu, ku auna da kanku.

Na biyu, maganar ko allura tana aiki. Ba ni na amsa wannan ba, yayana ne. Ranar da za a sallame ta na same shi zaune a dakalin baranda, hawaye na bin gemu. Ya ce, "Ƙanwata, ita da wanta tabarma ɗaya suke kwana, kofi ɗaya suke sha. Shi ko atishawa bai yi ba. Me ya raba su?" Shi da kansa ya ce, "Katin nan ne." Gani ya kori ji.

Na uku, maganar lokaci. Babbar matsalarmu a da, uwa ta zo sau ɗaya, ta zo sau biyu, sai hidimar gida ta ɗauke ta. Mun yi ta faɗa: ranar haihuwa, sati shida, sati goma, sati goma sha huɗu, wata tara, sannan a dawo ta biyun ƙyanda. Mun faɗa har muryarmu ta dushe. Sai mai walda ya yanko falle na ƙarfe, ya rubuta ranakun nan da jan fenti, ya kafa a bakin shagonsa. Duk wanda ya zo sayen ƙofa, kafin a yi ciniki sai ya ji, "Malam, ina katin yaro?" Wani ya ce masa, "An yi masa sau ɗaya, ai ya isa." Ya ce, "To bari in ɗiga wa ƙofarka walda sau ɗaya, ka je ka kwana a bayanta." Mutumin ya yi dariya, washegari sai ga shi a layi, shi da kansa ya saɓo yaron.

Daga nan mai aski ya ɗauka, tela ta ɗauka, malaman makaranta suka ɗauka. Direbanmu bai taɓa barin akwatin sanyin allurai ya sha rana ba. Mai shara ta san jaririn da ya tsallake sati tun kafin mu duba rajista. Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Wannan nasara taku ce, iyaye mata, da kuka tsaya a layi da ɗa a baya da ɗa a hannu. Taku ce, iyaye maza, da kuka daina cewa wannan sha'anin mata ne. Taku ce, ku da kuka yi gardama, kuka tambaya, kuka gamsu, kuka dawo.

Amma kada murna ta sa mu saki jiki. Ƙyanda ba ta mutu ba, ƙofa ta tarar a rufe. Kowace rana ana haihuwa, kowane jariri kuma daga farko yake farawa.

Yanzu ku dubi layin gaba. Waccan mai farin mayafi ita ce 'yar yayana, ta gado na uku. A cinyarta ɗanta ne, yau ranar allurarsa ta biyu ta ƙyanda. Jiya ta ce min, "Goggo, ɗana nake so ya fara shiga ɗakin nan, kuma ke za ki yi masa." Da na sauka daga nan can za mu nufa, kakansa ne zai riƙe shi.

Allah ya jiƙan yaran da suka shiga ɗakin nan ba su fito ba, ya sanyaya zukatan iyayensu, wasunsu suna zaune a cikinmu. Allah ya raya mana waɗanda ke baya da waɗanda ke ciki. Allah ya ƙara wa ma'aikatanmu haƙuri da sauƙin hannu. Allah ya sa kada a sake mayar da gadon jinya cikin ɗakin nan har abada. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Yaya, tashi ka karɓi jikanka, mu je.

Na gode.